Ƙahon Rago a Cikin Furar Ɗana

Da sunan Allah nake farawa, wanda ke saukar da cuta, ya kuma saukar da sauƙi lokacin da ya ga dama. Ni manomin albasa ne a Jiga Birni, ƙasar Aliero. Bokona na yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa ya wuce. Labarin jinyar ɗana zan bayar, wadda muka yi a shekarun farko da aka yanke mana Jihar Kebbi. Domin iyayen maza na rubuta shi.

Sunan ɗana Arzika. Shi ne ɗan fari, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu mana. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya hira da shi. Tun yana goye "kai" nake ce masa, in ina maganarsa da wani in ce "yaron nan". Uwarsa ma ta fi ni kunyarsa. Kakarsa ce ta rene shi, ita ce ke kai magana tsakaninmu, da ta rasu sai muka rasa mai kaiwa. Fadama ɗaya muke nomawa, amma in ina wannan gefe yana wancan.

Ya auri Luba, 'yar abokina Bagudu na Mungadi a ƙasar Maiyama. Auren so ne, ba wanda ya tilasta wa wani. Yarinya ce mai fara'a da tsafta, tun da ta shigo gidanmu ban taɓa jin muryarta ta ƙetare katanga ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba ciki, ba ɓari. Sa'o'inta suka yi goyo suka yaye suka sake. Sai aka fara nema mata magani. Ta sha rubutu, ta sha jiƙo, ta yi turare, ta yi tsuguno a ruwan sassaƙe. Duk tsohuwar da ta zo gidanmu sai ta bar mata ƙulli. Shi kuwa Arzika ba wanda ya taɓa miƙa masa ko saiwa ɗaya.

Sana'ata irin albasa ce, har Mai Iri ake ce mini. Kafin in sayar wa mutum sai na ɗebi kaɗan na ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye a gindin randa, in ga nawa zai tsira. In manomi ya zo yana zagin fadamarsa, abin da nake fara tambayarsa shi ne ko ya gwada irinsa. Wannan tambaya ban yi ta a cikin gidana ba.

Wani jiƙo da aka kawo wa Luba ya sa ta gudawa har ta kasa tashi, aka kai ta asibiti a Jega. Da ta samu sauƙi aka duba ta dubawar mata. Bayan kwana kaɗan sai ga Bagudu a ƙofar gidana, ko ruwa bai tsaya sha ba.

"Mai Iri, ɗiyata ta shanye itacen dajin Kabi duka. Abin da ya rage ta hidda ganye."

Na ce, "Haihuwa ta Allah ta, Bagudu."

"Ban musa ba. Amma likita ya ce bai ga komi gare ta ba. Ya ce a kawo mijin."

"Mi za a yi da mijin? Lahiyatai lau. Buhun albasa shi kaɗai yaka aza shi ga kai."

"Alhwadari ma na ɗaukar buhu biyu."

Da wani ne ya faɗa mini haka da mun yi dambe. Amma tare aka yi mana kaciya da Bagudu, ba abin da ba ma faɗa wa juna. Ya sassauta murya ya ce, "Ba faɗa naz zo ba. A gwada shi. In shina lahiya, mu ci gaba da haƙuri. In ba a gwada ba, wallahi kahin a cire albasa in zo in ɗauke ta. Ba ni bari a kashe min ita da sassaƙe."

Tun daga ranar tsoro ɗaya ya shige ni. Luba ta fita, ta auri wani, ta haihu, ƙasar Aliero duka ta san inda laifin yake. Ɗana ya shiga kasuwa a bi shi da ido, gidana ya ƙare a kansa.

Ban iya faɗa masa da bakina ba. Luba ce ta faɗa masa. Wata safiya na fito na iske shi tsaye a bakin zaure da rigarsa ta Juma'a, kansa a ƙasa. Muka hau mota zuwa Jega, daga can zuwa Sakkwato, domin an ce abin gwajin sai babban asibiti. Ni a gaba, shi a baya.

Abin da muka sha a asibitin nan kafin mu ga likita ya isa jinya shi kaɗai. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, in ka kai gaba a ce an tashi. Muka sauka a rumfar wani dillalin albasa da ke karɓar kayana, Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa tambayarmu me ya kawo mu ba. Ranar gwaji wata ma'aikaciya ta miƙo wa Arzika 'yar kwalba a gaban jama'a, ta yi masa bayanin abin da zai zuba a ciki da murya kamar mai tallar goro. Na juya ina kallon bango. Da ya kawo aka ce ba wuta, abin ya lalace, a sake dawowa. Muka koma gida muka dawo, aka yi. Aka ce sai an maimaita bayan 'yan makonni, muka koma muka sake dawowa. Kuɗin mota kaɗai ya cinye abin da na tanada na taki.

Likitan saurayi ne, Hausarsa ta gabas ce, amma mai ladabi. Ya tambayi Arzika ko yana so in zauna. Ni kuwa na zauna abina tunda ni ke biya. Likitan ya jawo takarda ya zana wani abu mai kai da wutsiya.

Ya ce, "Baba, kai manomi ne, za ka gane. Ruwan namiji ba shi ne irin ba, irin yana cikin ruwan. Ƙanana ne, ido ba ya ganinsu. Kowane kamar ɗan kwaɗo yake kafin ya yi ƙafa, da wutsiyar nan yake iyo har ya kai inda ake so ya kai. Jiki yana ɗaukar sama da wata biyu yana gina shi. In za ka yi rufin ɗaki, ai sai ka ɗaura tanka kafin ka shimfiɗa ciyawa, ko?"

Na ce haka ne.

"To shi ma yana da tankarsa. Wasu zaruruwa ne masu tauri, su ke riƙe shi yana ginuwa, su ke ba wutsiyar ƙarfi. Danginsu ɗaya da abin da ke yin farce da gashi, da ƙahon rago da kofato. Mu keratin muke ce wa wannan dangi. Na ɗanka ba ƙaranci suka yi ba, suna da yawa. Tankar ce ba ta ɗauru ba. Wasu wutsiyarsu guntuwa, wasu ta naɗe, wasu babu ita sam. Da kyar ka ga mai motsi."

Daga nan ya juya ga Arzika ya fara tambayarsa yadda yake kwanciya da iyalinsa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina a waje ƙarƙashin dogon yaro, zufa na karyo mini. Sun daɗe a ciki. Da Arzika ya fito idonsa ja, ya wuce gaba na bi shi. Daga Sakkwato har Jiga Birni ban tambaye shi me likita ya ƙara faɗa ba, shi ma bai faɗa ba.

A motar nan na yi lissafina irin na manomi. In lawashin albasa ya yi rawaya, taki ya rasa, sai a ba shi taki. In saniya ta fara lasar ƙasa, kanwa ta rasa, sai a ba ta kanwa. Likita da bakinsa ya ce abin ƙaho ne bai zauna a jikin yaron nan ba. To ƙaho ai ba wuyar samu gare shi ba. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na ga har na fi likitan dabara.

Na tafi rugar Buba, Bafulatanin da ke riƙe mini shanu a dajin Maiyama, na ce ya tara mini ƙahonin raguna, amma na waɗanda ba a dandaƙe ba.

Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. "Kai Kaɗo! Nama kun ci, fata kun jeme, yanzu ƙaho kuma? Gobe kukan ragon za ku zo nema."

Na ce magani ne. Ya daina dariya ya ce, "Tun kakana muke tare da dabba, ban ga wanda ya ci ƙaho ba. Kare ma gwaguya yake ya bari." Na ce shi dai ya kawo. Ya kawo.

Na ari magagari wajen maƙeri, na zauna a bayan rumbu ina goge ƙahonin suna zuba kamar dusa. Ban ƙona su ba, don a ganina wuta za ta kashe ƙarfin. Na haɗa da jar kanwa domin ta tausasa shi, yadda mata ke yi wa wake. Na kira Luba, ta durƙusa a bakin ƙofa, na ce maganin basir ne likita ya rubuta, ta daka ta tankaɗe, ta riƙa dama masa a fura safe da yamma. Na aika wa Bagudu cewa an gwada, an ba da magani, ya ba mu wata uku. Ban ce masa ga abin da aka gani ba.

Ranar farko ina kallo ta kafar zana, Arzika ya ɗaga ƙwaryar ya shinshina, ya dubi garin da ke yawo a sama. Ya tambayi Luba wa ya kawo, ta ce Baba ne. Ya yi bisimilla ya shanye.

Makon farko kumburin ciki ne da gyatsa mai wari. Na ce magani ya fara aiki. Mako na gaba ya daina cinye tuwonsa, ya fara daɗewa a bayan gida, ya fito yana dafe da mara. Da aka shiga wata na biyu mutumin da ke aza buhu shi kaɗai ya koma sai ya huta kafin ya kai ƙarshen kunya ɗaya a gona. Wuyansa ya yi tsawo, cikinsa ya yi gaba. Dangi suka fara kawo shawara. Uwarsa ta ce sammu ne, aka yi rubutu. Gwaggonsa ta ce ciwon shawara ne, aka jiƙa rawaya. Wani maƙwabci ya ce a kai shi Aliero wajen masu ɗori su murza cikin, Allah ya taimake mu mai ɗorin ya taɓa ya ce wannan ba nasa ba ne. Duk wanda ya zo yana laluben cutar a waje, ni kuwa ina bayan rumbu ina goge ta.

Luba ta same ni wata la'asar. Ba ta taɓa fara yi mini magana ba sai ranar.

"Baba, maganin ga na wahal da shi."

"Shi yac ce?"

"Bai ce ba."

"To a ci gaba. Magani mai ƙarhi haka yake."

Na ma ƙara yawansa, domin wata ukun da na roƙa wajen Bagudu sun fara ƙarewa, kuma na tuna likita ya ce ginin iri na ɗaukar sama da wata biyu. Na ce mu cika jikin da abin kafin sabon iri ya ginu.

Wata rana da hantsi Arzika ya faɗi, muna ban ruwa. Na ji injin yana ta zuba a wuri ɗaya, na waiwaya na gan shi durƙushe cikin laka yana amai kore, daga baya amai mai warin bayan gida. Cikinsa ya yi tauri kamar ganga. Aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin hanya, wata motar albasa ta tsaya, direban ya sauke buhuna ya yi masa shimfiɗa. A Jega aka sa masa ƙarin ruwa, aka zura masa roba ta hanci, wani baƙin ruwa ya riƙa fita. Suka ce hanji ya toshe, sai an yi aiki, kuma ba a nan ba. Direban nan bai bar mu ba, ya juya da mu Sakkwato, ni da Luba da shi kwance tsakaninmu, duk ramin da motar ta faɗa sai ya yi nishi. Na riƙa karanta duk abin da na sani, ina mantawa ina sakewa.

Can aka ce sai an kawo jini, sai an sayo zare da allura da safar hannu da ruwan roba, komai sai ka fita waje ka saya. Na aika gida aka fasa rudu, wato rumbun albasar da na ajiye ina jiran tsada, aka sayar a arhar kaka. Daga baya injin ban ruwa ya bi. Jinina suka ce na tsufa. Na tsaya a tsakar asibiti ina roƙon mutanen da ban sani ba, ni da ban taɓa roƙon ko allura ba. Direban nan ne ya naɗe hannun riga ya bayar. Ko sunan garinsu ban riƙe ba. In yana raye Allah ya jiƙan iyayensa, in ya rasu Allah ya sa jinin nan ya zame masa haske.

Likitan da zai yi aikin ya tambaya me yake ci a kwanakin nan. Luba ta ce, "Hura da garin maganin da likitanku ya rubuta." Ya ce wane likita, wane gari? Ta dube ni. Duk suka dube ni. Na ce ƙaho ne.

"Ƙahon me?"

"Na rago."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya dai sa aka tura gadon.

Bayan aikin suka nuna mini abin da suka ciro a cikin tasa. Dunƙule ne baƙi-baƙi kamar curin daddawa, na taɓa shi na ji tauri kamar busasshiyar laka. Sun yanke wani yanki na hanjin da ya mutu sun haɗa sauran. Aka dawo da shi ɗaki bai farka ba. Azahar ta yi, la'asar ta kawo jiki, zazzaɓi ya rufe shi, Luba na goga masa jiƙaƙƙen tsumma. Wata nas mai faɗa, wadda tun safe take korar mu daga bakin gado, ta zo ta ɗaga fatar idonsa ta girgiza shi, bai motsa ba.

Ta ce, "Kai ne ubansa? Kira sunansa. Muryar da ya sani zai bi."

Na matsa na ce, "Kai. Kai."

"Kai ne sunansa? Baba, ɗanka na tafiya kana kai-kai!"

Ɗakin cike yake da majinyata da masu jinya. Na kama ƙarfen gadon. Ni da na raɗa masa sunan ban taɓa furta shi ba tun ranar suna. Na ce, "Arzika." Ya fita kamar raɗa. Na sake da ƙarfi, "Arzika! Arzika, ɗana!"

Ya buɗe ido. Ya dubi nas, ya dubi Luba, ya dubi ƙofa, yana neman wanda ya kira shi. Ni bai dube ni ba, domin bai san sunansa da muryata ba.

Labari ya zaga asibitin, har likitan farko ya ji ya zo. Ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, da ka zauna ka ji ƙarshen maganar. Ciki ba ya narkar da ƙaho. Kura ma da ke cin ƙashi, gashi da kofato amayar da su take. Jiki shi ke ƙera nasa keratin daga tuwo da wake da nono, ba ya ɗauka daga na rago ya kai can. Na ɗanka ba rashin ci ba ne, yadda aka halicce shi ne, mu kanmu ba mu gama sanin dalili ba, kuma ba mu da maganinsa. Duk na faɗa masa ranar. Na ce kada ya bari a ba shi komai."

Da ya tafi na zauna a ƙasa kusa da gadon. Ban san ta inda ake fara magana da ɗa ba.

Na ce, "Ya hwaɗa maka?"

"Ya hwaɗa min, Baba."

"Kuma ka san ƙaho ne?"

"Na ji warinai tun ranar farko."

"To don mi kas sha?"

Ya ce, "Kai kab ba ni. Kuma da wane baki zan yi maganar ga da kai?"

Luba tana zaune a ɗaya gefen, duk ta ji. A nan ta fara sanin abin da gwajin ya nuna. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta buɗe tafin hannuwanta tana kallo, ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Baba, da hannuna kunka sa na daka. Har tankaɗe nika yi sau biyu don ya yi mai laushi."



Jinyar ta yi tsawo. Ɗinkin ya yi ruwa ya buɗe, aka riƙa wanke shi kullum yana cizon zane. Wani mako a ce ya samu sauƙi, wani mako zazzaɓi ya dawo a rubuto sabuwar allura, in fita in zaga shaguna. Wata rana ba ruwa a asibitin, wata rana mai wankin ciwo bai zo ba. Amma nas ɗin nan mai faɗa ita ce ke ɓoye mana ragowar auduga, kuma likitan farko yakan leƙo ko ba aikinsa ba ne. Luba ce ta yi komai. Ita ke kwashe bayan gidansa, ita ke wanke zannuwa, ita ke dama kunu a murhun masu jinya ta ba shi cokali-cokali. Ƙafafunta suka kumbura don tsayuwa. Bagudu ya zo dubiya, ya ga yadda ta rame ya ce ta bi shi gida ta huta. Ta ce, "Sai ya taka da ƙahwatai."

Muka dawo gida an riga an cire albasar mutane, tamu ta bushe a fadama. Arzika bai sake aza buhu ba har yau, kuma abinci mai nauyi ba ya zama masa. Da ya fara iya zuwa masallaci ba sanda, sai ya zo ya zauna a bakin tabarmata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce zai je Mungadi ya faɗa wa Bagudu gaskiya, ya ba Luba zaɓi.

Na ce, "Ka san in ta hita ta haihu, kowa ya sani?"

Ya ce, "Baba, ɓoyon ga ya ci min rabin hanji. Ya isa."

Na roƙe shi. Na ce a jira, ko Allah zai yi ikonsa, ko a nemi wani likita a Kaduna ko Zariya, zan sayar da shanun da ke wajen Buba. Ya saurare ni har na gama, ya ce ita ma shekarunta tafiya suke.

Luba ba ta tafi nan da nan ba. Ta ƙara damina ɗaya tare da mu, tana dama masa kunu. Ina ta sa rai ta zauna. Bayan kaka ta zo ta durƙusa a inda ta saba durƙusawa, ta ce in yafe mata, tana son ta ga ɗanta kafin ta mutu. Na ce ni ne mai neman yafiya. Ta ce ta yafe na shekarun sassaƙe. Na turmin ba ta ambata ba, ni ma ban matsa ba. Ranar da aka zo ɗaukar kayanta Arzika da kansa ya ɗaure gadon a mota.

Ta auri wani manomi a Katanga. Shekara ba ta cika ba aka ce tana da ciki. Abin da na ji tsoro ya faru yadda na zata. Mutane suka ƙirga watanni da yatsa. A kasuwar Aliero wani ya ce mini, "Mai Iri, ashe na gida ba ka gwada ba." Aka yi dariya. Na tsaya na jira ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Aka gama dariya aka ci gaba da awon albasa.

Ku da za ku karanta wannan, in haihuwa ta yi jinkiri a gidanku ku kai su biyun, kada ku bar 'yar mutane ta sha dajin duka ita kaɗai. In kun shiga wajen likita ku zauna har ya rufe bakinsa, ko kunya za ta kashe ku. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban ce a yar da ita ba, amma ku bar ƙofa ɗaya da magana za ta bi ranar da rai ke kan gado.

Luba ta haihu a gidan ubanta a Mungadi, namiji. Ashe tun da aka ce tana da ciki Arzika ke kiwon wani rago a bayan ɗakinsa, ban tambaye shi na mene ne ba. Ana gobe suna ya ce zai kai shi gudummawa, in raka shi. Na ce mutane za su kalle mu. Ya ce ai sun riga sun kalla. Muka hau mota, kujera ɗaya, ragon a bayanmu.

Mijin Luba mutumin kirki ne, ya karɓa ya yi godiya, ya ce a yanka shi tare da nasa. Bagudu ya kama hannun Arzika ya daɗe bai saki ba. Bayan an yi addu'a an raba goro, muna zaune a ƙofar gida mahauci yana fiɗa. Ya sa gatari ya sare ƙahonin ragon, manya masu murɗa biyu, ya jefa su gefe, suka gangaro har kusa da ƙafata.

Arzika ya dube su, ya dube ni. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Baba, a ƙunsa maka?"

Wasan farko ke nan da ɗana ya taɓa yi da ni. Na yi dariya har Bagudu ya waiwayo, daga nan ban san inda dariyar ta juya ba, na ja bakin rawani na rufe fuska. Daga cikin gida muna jin kukan jaririn. Arzika ya dafa gwiwata ya bar hannunsa a nan har na natsu.

Allah ya raya yaron nan, ya saka wa uwarsa da Aljanna. Allah ya ba Arzika ladan haƙurinsa. Arzika, ka ga na rubuta sunanka, kuma ban ji kunya ba.